Wasiƙar da Ba Ta da Suna

Akwai wani mutum da aka naɗa shugaban gidajen waya na ƙasarsa duka. Dokar aikin ta ce duk wasiƙar da ta shekara ba a sami mai ita ba, a ƙone ta. Shi kuwa ba ya son ranar ƙonawa, sai ya riƙa zuwa da kansa yana duba su ɗaya ɗaya.

Wata rana ya ɗauki ambulan da aka rubuta wa, “Zuwa ga yaron nan, mai gyaran keke, a babban birni.” A bayanta an ƙara, “Ka zo, babanka yana kwance, ya yafe maka.”

Akawunsa ya yi dariya ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ai shirme ne. Ba suna, ba unguwa.”

Shugaban ya ce, “Uwa ce ta aika wa ɗanta na fari. Kunya ta hana ta faɗa wa marubucin sunansa. Ni ma ɗan fari ne, har mahaifiyata ta rasu ban ji sunana a bakinta ba.” Tausayi ya kama shi ƙwarai.

Hatimin ambulan ya nuna daga Tungar Maje ta fito. Sai ya bar kujerarsa, ya bi rumfunan masu gyaran keke yana tambayar ɗan Tungar Maje. A kwana na uku ya sami wani mai suna Yunana, hannunsa duk baƙin mai. Da ya karanta, ya zauna a ƙasa yana kuka, gama ya daɗe yana zaton an manta da shi. Ya tafi gida, ya tarar ubansa da sauran numfashi.

Ma'anar wannan misali ita ce, wasiƙar nan gafarar Allah ce, wadda aka aika wa kowane ɓatacce. Mu ne aka danƙa wa ita. Sau da yawa muna kamar akawun nan, muna da ƙa'ida, ba mu da ƙafar tafiya. Ubangiji Yesu kuwa ya bar kursiyinsa ya shiga nema. Kowannenmu ya san wani da ya daina zuwa sujada yana zaton ba mai tambayarsa. Saƙonsa yana hannunka. A makon nan ka tashi ka kai masa, tun ba a makara ba.