Fadamar Baraka da Buhunan Gali

Akwai wata mata a Fammar, ana kiranta Baraka. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da fadamar shinkafa guda ɗaya. Daga fadamar nan suke ci, daga ita suke sutura.

Gonar da ke maƙwabtaka da tata ta Gali ce, ƙanin marigayin. Gali yana da babur, yana da baki, kuma duk damina sai ya jido buhunan takin yuriya daga kasuwar Rano ya watsa ba awo. Idan ya yi girbi sai ya cinna wa karan shinkafar wuta.

Baraka ba haka take yi ba. Tun da rani take tara kashin awaki da na kaji da tokar murhu, a kai mata fadama a amalanke. Karan shinkafa kuwa barinsa take ya ruɓe a cikin laka. Takin zamani tana sawa, amma da kwano take aunawa: kamfa kaɗan a farko, yuriya kaɗan idan shuka ta kama ƙasa.

Wata rana Gali ya je gaban Alhaji Mahdi, babban gidansu, ya ce a karɓe fadamar a ba shi ya noma wa marayu.

"Baffa, je ka gani da idonka. Tawa ta yi baƙi ƙirin, tata kuwa kamar mai ciwon shawara."

A wurin manoma, idan an ce shuka ta yi baƙi, yabo ne, wato ganye ya ƙoshi.

Aka kira Baraka. Ta durƙusa ta gaida Alhaji, sannan ta dubi Gali.

"Kai Gali, ganye za ka dafa wa marayun?"

"Yaya, zamani ya wuce kwasar kashin akuya."

"To ka jira mu ga abin da zamanin zai zuba a buhu."

Alhaji ya yanke magana. Ya ce a bari sai kaka. Idan ta Gali ta fi, fadama ta koma hannunsa.

Baraka ta fito. Ta san idan gonar ta fita daga hannunta, abincin 'ya'yanta ya koma sai an roƙa. Matan unguwa suka ba ta shawara ta ƙara buhu ɗaya na yuriya, ko ganyen ya yi duhu a daina yi mata dariya. Ta ce ba za ta ɗura wa ƙasa abin da ba ta nema ba don tsoron bakin mutane.

Shi kuwa Gali, da ya ga shinkafa ta ɗauki ciki, sai ya ƙara mata yuriya karo na uku. Ta yi tsawo har ƙirji, kara ya yi laushi. Aka yi ruwa da iska na yini guda, sai ga ta kwance cikin ruwa. Ta Baraka gajera ce, tana nan tsaye.

Ranar girbi Alhaji ya zo da malamin gona, Malam Abdurrahim. Alhaji ya tsinko zangarniya daga gonar Gali, ya murje a tafin hannu ya hura. Rabi ya tashi, ƙaiƙayi ne. Ya murje ta Baraka ya hura, ƙwaya ta zauna cike da hannunsa.

Malam Abdurrahim ya damƙo ƙasa daga kowace gona. Ta Gali ta dunƙule kamar tubali. Ta Baraka ta warware, har da tana a ciki.

Ya ce, "Alhaji, a cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ke narka kara da kashin dabbobi su mayar abincin shuka. Wannan baiwar Allah tana ciyar da su. Shi kuwa ya ƙone abincinsu, ya bi su da yuriya zalla."

Baraka ta ce, "Ni ban san sunansu ba, Malam. Na dai san ƙasa ma tana jin yunwa."

Alhaji ya kakkaɓe hannu ya ce, "Gonar marayu tana hannun uwarsu. Kada in sake jin maganar nan."

Baraka ta gyara mayafi, ta ɗauki laujenta ta shiga yanka. Gali ya bi ta a baya, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, tawa fa? Yaushe za ta farfaɗo?"

Ba ta ɗago ba. "Shekara nawa ka yi kana kashe ta?"

"Shida."

"To kada ka zo mini da maganar wata ɗaya."

Darasi: Kada kyan ganye ya ruɗe ku, kuma kada dariyar mutane ta sa ku bar abin da kuka san daidai ne. Takin zamani ba laifi ba ne, rashin awo da girman kai su ne laifi. Ku ciyar da ƙasa kafin ku nemi ta ciyar da ku. Ku tura wa duk manomin da kuka sani, musamman mai ganin ya fi kowa iyawa.