Katin da Ya Riga Haji Qamar Biya

Akwai wani matashi a nan Karachi mai suna Zohaib, wanda duk unguwarmu ta san shi da katunan banki. Abin da zan ba ku labari ya faru ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya da kwata na rana, a wani gidan abinci da ke Clifton. Mahaifinsa Naseer abokina ne tun muna makarantar mishan a Saddar, daga bakinsa na ji. Na kuma tambayi matar Zohaib ita kaɗai, don kada in ƙara abin da ba a yi ba.

Zohaib ba mugun yaro ba ne. Katunan bashi gare shi na bankuna daban-daban, kowanne da aikinsa. Wani na man fetur, wani na cin abinci, wani kuma shi ke buɗe masa ɗakin hutawa a filin jirgi. Duk abin da ya saya da kati sai banki ya ba shi maki, idan makin ya taru ya zama tikitin jirgi ko abinci kyauta. A lokacin saura kaɗan makinsa ya kai shi birnin Baku tare da matarsa Mehwish, in har ya cike gibin kafin wata ya ƙare.

Naseer yana da wa, Haji Qamar, ɗan kasuwar kayan yaji a Jodia Bazaar. Rabon gidan mahaifinsu ya shiga tsakaninsu, suka yi shekaru ko gaisuwar Idi ba ta haɗa su. Da Haji Qamar ya tashi daga wata doguwar jinya, sai ya aika wa ƙanensa gajeren saƙo: ya zo da iyalinsa su ci abincinsa.

Kowa ya san ma'anar wannan. Babba ya kira, ƙarami ya zo ya ci gishirinsa, magana ta mutu. Ba sai wani ya ce a yafe masa ba. Tsofaffin zamaninmu ba su iya furta wannan kalmar ba, a bakin teburi suke faɗinta.

Haji Qamar bai san gidajen abinci na zamani ba, shi ya sa aka bar wa Zohaib zaɓen wuri. Tsohon ya so a yi ranar Juma'a bayan masallaci. Zohaib ya ce Talata ta fi. Bai faɗi dalili ba, amma ranar Talata ce baƙin katinsa ke ninka maki, ya kuma ba da ragi, a wannan gidan.

Su huɗu suka zauna. Aka kawo naman karahi, wato dahuwar kasko, yana tafasa, da gurasa mai zafi. 'Yan'uwan biyu kowa ya kafa ido a farantinsa. Ana cikin wannan shirun, Zohaib ya ɗora jakar katunansa a kan teburi, ta buɗe da kanta saboda cika.

Haji Qamar ya sauke tabarau ya leƙa. "Kai Zohaib, wannan jaka ce ko shago?"

"Tara ne kacal, Taya," in ji Zohaib. Haka ake kiran wan uba a nan.

"Kacal! Naseer, ka ji ɗanka? Ni makullin shago ɗaya gare ni, kuma kullum sai na neme shi."

Wannan ce kalmar farko da ya yi wa ƙanensa a duk waɗannan shekarun. Naseer ya yi dariya har ruwa ya sarƙe shi.

Tsohon mutum ne mai son sanin yadda abu yake tafiya. Ya karɓi katunan yana juya su ɗaya bayan ɗaya, yana shinshina su kamar an kawo masa samfurin barkono.

"Wannan jan fa?"

"Shi ne na kaza, Taya. In na ci sau uku, ta huɗu kyauta."

"To kuɗin ruwa? Kada ka ce min kana ci da riba."

"Ko sisi ba na ba su. Kafin ranar biya ta zo na riga na biya."

Haji Qamar ya tauna wannan maganar tare da lomarsa. "Tsaya in gane. Kai ba ka biya kazar ba. Banki kuma ba sadaka yake yi ba, na san su tun kafin a haife ka. To wa ya biya ta?"

Zohaib ya sosa ƙeya. "Waɗanda suka makara biyan nasu, ina jin."

"Ahaf. Wato kazar makararru kake ci." Ya juya wajen Mehwish. "'Yata, ke wane kati ya ba shi ke?"

"Ni tsabar kuɗi aka biya, Taya, ba rangwame," in ji ta. Teburin ya ɗauki dariya.

Daga nan hira ta ɓarke. Haji Qamar ya tsamo tsoka mafi kyau ya sa a farantin ƙanensa. Naseer ya gaya min a lokacin sai da ya kau da kai, don kada a ga idonsa.

Da aka kusa gamawa, Zohaib ya miƙe ya ce zai wanke hannu. Mehwish ta ga baƙin katin a tafinsa, ta riƙe gefen rigarsa.

"Kada ka yi," ta ce a hankali.

"Ke dai bari. Zai ba ni a hannu daga baya, har ragi zai samu. Taimakonsa zan yi."

Ya je wajen kashiya ya biya, ya dawo yana goge hannun da bai jiƙa ba.

Haji Qamar ya ɗaga hannu ya kira mai kawo abinci. Tun da safe ya je banki ya canzo sababbin takardun kuɗi don wannan zama, yanzu ya zaro su daga aljihun falmaransa ya daidaita su a kan teburi.

Mutumin ya rusuna. "An riga an biya, Haji Sahib."

Tsohon bai dubi Zohaib ba. Ƙanensa ya duba.

"Kai ka sa shi?"

"Wallahi, Bhai Jan, ban sani ba," Naseer ya ce wa wansa.

Zohaib ya yi murmushin mai kawo albishir. "Taya, ai duk ɗaya ne. In mun shiga mota sai ku ba ni. Kun ma samu sauƙi."

"In ba ka a mota, kamar direban tasi?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Na kira ƙanena ya ci abincina. Ashe ni aka kawo a ciyar."

Mai kawo abincin, ganin yadda fuskoki suka canza, ya ce ana iya soke biyan nan take, na'urar tana hannunsa.

"Soke shi," in ji Naseer.

A daidai lokacin wayar Zohaib ta yi ƙara. Saƙon banki ne, makin Baku ya cika. Ya dubi wayar, ya dubi na'urar, sannan ya juya wajen mahaifinsa. "Abbu, idan aka soke..."

Bai ƙarasa ba. Mehwish ta ce min jinkirin bai fi kurɓar ruwa ba. Amma Haji Qamar ya gani. Ya tattara kuɗinsa ya mayar aljihu, ya yi sallama, ya fita.

Naseer ya bi shi da gwiwarsa mai ciwo, ya manta sandarsa a jikin kujera. Ya same shi a bakin titi yana jiran riksho, irin keke mai ƙafa uku na haya, kusa da rumfar wani mai shayi ɗan ƙabilar Pathan. Ya tsaya gefensa yana haki. Ya ce min duk kalmomin ban haƙuri da ya tanada tsawon shekaru sun gudu daga kansa, sai abu ɗaya ya fito.

"Bhai Jan, ban ƙoshi ba."

"Kai da ka cinye rabin karahi?"

"Ban ƙoshi ba. Ka saya min shayi."

Riksho ya tsaya a gabansu. Haji Qamar ya dubi ƙanensa, ya yi wa direban alama da hannu ya wuce, sannan ya juya wajen mai shayin.

"Khan Sahib, shayi biyu da paratha ɗaya. Ka zuba wa wannan sukari da yawa, tun yana yaro ba ya ƙoshi."

Suka zauna a kan benci cikin hayaƙin motoci. Naseer ya shanye shayin har ƙasan kofi, ya cinye parathar, wato soyayyiyar gurasa. Haji Qamar ya biya da hannunsa. Ana haka Mehwish ta iso da sandar surukinta, aka ƙara kofi na uku.

"Ranar Juma'a ku zo gida," in ji tsohon. "Kai da 'yata. Mai katuna ya ɗan dakata tukuna."

Sun je ranar Juma'ar, suna kuma zuwa har yanzu. Tikitin Baku ya fito, amma ban ji an yi tafiyar ba, Mehwish ta ce ba ta da sha'awa. Zohaib yana gaishe ni in mun haɗu a bene, ya rame kaɗan. Ina fatan a kira shi kafin tsohon ya sake kwanciya.

Waɗanda suka rage a teburin Clifton a ranar su ne: Zohaib, da wayarsa a hannu, mai kawo abinci, yana tsaye da na'ura yana jiran a ce masa ya soke ko ya bari, da kwano huɗu na kheer, kunun shinkafa da madara, da Haji Qamar ya yi oda tun farko, ba wanda ya sa musu cokali.

Darasi: Ba kowane biya ne ciniki ba. Wani lokacin mutum da hannunsa yake neman gafara, idan ka riga shi biya ka toshe masa baki. Ka ci ribar katinka a inda ta halatta, amma kada maki ya sa ka manta dalilin da ya zaunar da ku a teburi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu saurin zaro kati a gaban manya.