Geron da Jatau Ya Binne

An yi wani sarki a ƙasar Dutsen Kura, ana ce masa Mamuda, mai son a bi kowace magana har saiwarta. Wata rana aka kama Jatau, mai tsaron rumbunan fada, da tukwanen gero binne a ƙarƙashin gadonsa. Bai ci ba, bai sayar ba, wani ma har ya ruɓe. Da aka tambaye shi dalili, sai ya fashe da kuka, ya ce wallahi shi ma bai sani ba, barci ne ba ya ɗaukarsa sai ya san akwai hatsi a ƙarƙashinsa.

Sarki ya dubi Waziri Ishaƙa, wanda ya riƙi Jatau tun yana jariri maraya, ya ce, "Waziri, nemo mini asalin wannan hali. In jini ne, zan kori zuriyarsa daga garin nan, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In kuwa tarbiyya ce, kai ka rene shi, rawaninka zai sauka."

Waziri ya koma gida kansa ya ɗaure tamau. Uban Jatau mutum ne mai tuɓe riga ya ba baƙo, a gidan Waziri kuma yaron bai taɓa kwana da yunwa ba. Ga wan Jatau, Mantau, uwa ɗaya uba ɗaya, akushi ɗaya, amma hannunsa kamar rariya. Waziri ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, har ya fara zargin hankalinsa.

Can ya tuna cewa a shekarar da fara ta cinye gonaki aka yi cikin Jatau, lokacin da uwarsa ke dafa ganye ta kwanta. Ya bi gidajen waɗanda aka haifa a wannan shekara. Ya sami attajira mai cusa ƙanzo a matashin kai, ya sami malamin da ba ya iya barin loma a kwano, ya kuma sami wasu lafiya lau, babu abin da ya dame su. Ruɗewarsa ta ƙaru.

Ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na nemo, na dawo da rabin amsa. Ba jini ba ne tsantsa, don ɗan'uwansa ya kuɓuta. Ba tarbiyya ba ce tsantsa, don bai ga yunwa da idonsa ba. Ga alama yunwar uwa ce ta shige shi tun yana ciki, ta bar masa tsoron da bai san mafarinsa ba. Yadda aka yi, da dalilin da ya sa ta tsallake wasu, Allah ne masani. In dole a hukunta wani, ga rawanina, a bar 'ya'yan Jatau."

Sarki ya dubi fadawansa. Sa'an nan ya ce, "A waccan shekarar mahaifina ne ya kulle rumbuna, talakawa na cin ganye. In ana neman wanda ya reni wannan tsoro, a gidanmu yake."

Ya yafe wa Jatau, ya yafa wa Waziri alkyabba, ya kuma yi umarni kada mai ciki ta sake kwana da yunwa a ƙasarsa. Masu hikima sun ce, mai mulkin da ya hana uwa abinci, ba shi da bakin tuhumar ɗanta.