Malam Ɗayyabu da Rajistar Ma'aikatar Ruwa

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Malam Ɗayyabu. Shekara talatin da biyar ya yi a ma'aikatar ruwa. Ba injiniya ba ne, aikinsa neman inda bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Wata sandar ƙarfe gare shi, sai ya kafa ta a ƙasa, ya ɗora kunne, ya yi shiru. Can sai ya ce, "Ku haƙa nan." A haƙa, a tarar da ruwa yana tsiyaya.

Ya yi ritaya, ya koma gida yana karɓar ɗan fanshonsa. Ba a yi shekara biyu ba ruwa ya ɗauke a unguwanni uku, ga shi gara ta cinye takardun da suka nuna inda aka binne bututan. Aka aika masa ya dawo.

To, ku saurara. A garin akwai doka: ɗan fansho in ya koma aikin gwamnati, akwai iyakar abin da zai karɓa a shekara. In ya haura ko da sisi, a dakatar da fanshonsa. A wata na bakwai Malam Ɗayyabu ya kai iyaka, unguwa guda kuwa har yanzu ba ruwa.

Injiniya ya kira shi ofis ya ce, "Baba, abin mai sauƙi ne. Kawo sunan mai ɗakinka mu sa cikin leburori. Kai ka yi aiki, ita ta karɓa."

"Lantana? Lantanar da ko shebur ba ta taɓa riƙewa ba?"

"Kowa haka yake yi, Baba."

"A'a. Ku tsayar da albashin. Zan ci gaba da zuwa har ruwan nan ya zo."

Da Lantana ta ji, ta ajiye muciya. "Malam, wato kai kaɗai za ka shiga Aljanna? Kuɗin motar fa?"

"Da ƙafa zan je."

"To, Allah ya ba ƙafar lada."

Wata biyar yana zuwa, ba a ba shi ko kwabo. Wata biyar, jama'a! Ruwa ya zo. Sai dai kullum da safe in ya shiga, sai ya sa hannu a rajistar ma'aikata, kamar yadda ya saba.

Shekara ta kewayo, aka turo kwamitin tantance 'yan fansho. Suka buɗe rajista, suka ga hannun Malam Ɗayyabu wata goma sha biyu cur. Aka dakatar da fanshonsa, aka ce ya bayyana. Fanshon nan kuwa shi ne cinsu, shi ne shansu. Ranar ko Lantana ba ta yi masa tsiya ba.

Shugabar kwamitin, wata Hajiya Uwale, ta dube shi ta saman tabarau. "Baba, ka san doka?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

"To wata biyar ɗin nan, nawa aka biya ka?"

"Ba a biya ni ba."

"Da sunan wa aka biya?"

"Ba da sunan kowa ba."

Ta sa aka kawo takardun biya, ta bi su layi-layi, ta bi na leburori. Ba sunansa, ba na Lantana. Shi dai yana tsaye. Can ta ɗago. "To me ya kai ka sa hannu, bawan Allah?"

"Hannun ya saba. Kuma in bututu ya sake fashewa, gara a san wanda ya taɓa shi."

Ta yi dariya har ta cire tabarau. "Ku ba Baba kujera. A sakar masa fanshonsa yau."

Malam Ɗayyabu ya zauna, ya sauke numfashi, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Jama'a, da ya ba da sunan Lantana, me zai faɗa a ranar? Wanda bai ɓoye komai ba, ko an tsayar da shi zai tsorata, amma zai koma gida da mutuncinsa. Da yawanmu za mu ajiye aiki, wasunmu za a sake kiran su. In an ce muku ga iyaka, ku tsaya a iyakar. Kada ku ci da sunan matanku, kada ku ci da sunan 'ya'yanku. Akwai tantancewar da ta fi wannan, kuma can ba a neman takarda. Allah ya ba mu halal, ya sa ta ishe mu.