Ranar da Dunoma Ya Sari Ɗan Doka

Akwai wata baiwar Allah a Babura, zamanin Turawa, sunanta Mas'uda. Ita kaɗai ke riƙe da mahaifinta Dunoma, wanda gigin tsufa ya kama har sunanta ya ɓace masa. Abu ɗaya ne bai manta ba: ranar da mahara suka shigo bisa dawakai suka tafi da uwarsa, yana ɗan shekara bakwai.

Wata rana da hantsi tana daka, sai ga Falalu ɗan doka a kan doki, ya zo kiran maza gyaran hanya. Dunoma na ganin dokin ya ƙwalla ihu, "Mahara! Inna, gudu!" Ya zari fartanya ya sari Falalu a ƙauri.

Ko da ta fito, tsoho na ƙasa, Falalu na tsula masa bulala, jini na zuba ta kunnensa. Ta faɗa kansa ta kare shi, bulala ta tsaga mata baya.

"Don Allah, Yallaɓai! Bai san abin da yake yi ba!"

"Zai sani a gidan yarin Kazaure. Can ake sa wa mahaukata mari a ƙafa!"

Da igiya aka ja tsohon gaban alƙali. Mas'uda ta durƙusa, zaninta sharkaf da jini.

"Allah gafarta Malam, ko fura ba ya karɓa sai daga hannuna. In aka ɗaure shi can, kwana uku ba zai yi ba."

Alƙali ya dubi tsohon. "Baba, ka san inda kake?"

"Kai yaro, ka ga innata?"

Sai alƙali ya ce, "Shari'a ba ta kama wanda hankalinsa ya gushe. Na damƙa miki shi, maƙwabta su tsaya shaida, kuma ki ɓoye duk wani ƙarfe. Kai kuwa Falalu, da hankalinka ka doki matar da ba ta taɓa ka ba."

Nan take aka tuɓe masa hula, aka kwantar da shi, aka zuba masa bulala goma sha biyu.

A hanyar gida Dunoma ya dubi bayanta ya dafe baki. "Wayyo, 'yar mutane, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Ya wuce, Baba. Taka a hankali."

Darasi: Tsohon da ya gigice ba mai laifi ba ne, mara lafiya ne, kulawa yake buƙata, ba mari ba. Mu tsaya wa masu jinyarsu. Ku tura wa 'yan'uwa, Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.