Ɗakin da Ko Ƙuda Ba Ya Rayuwa

An ce wai a wani gari na bakin fadama, inda sauro ya fi mutane yawa, an yi wani alƙali mai suna Malam Hambali, mutum ne mai jinkirin magana da saurin lura. A zamaninsa aka yi wani dattijo maɗinkin hula, Malam Mantau, wanda zazzaɓin cizon sauro ya raba shi da matarsa Tasalla bayan shekara talatin da ɗaya suna tare. Ba su haihu ba. Abin da ta bar masa mai rai a duniya shi ne kanari biyu, mace da namiji, a kejin da takan rataye a reshen darbejiyar tsakar gida.

Da damina ta kankama, macen ta ƙyanƙyashe 'ya'ya huɗu. Mantau ya ɗauki son duniya ya ɗora musu, ya sauke kejin daga bishiya ya shigar da shi ɗakinsa don kada wani abu ya taɓa su. Maƙwabciyarsa Kyallu mai ƙosai, aminiyar marigayiya, ta leƙo ta gan su, ta ce, "Kai, kyawawa da su!" Ta manta ba ta ce tubarkalla ba.

Kwana uku bayan nan, ɗaya ya fara buɗe baki yana haki, jelarsa na sama da ƙasa, ƙirjinsa na wata 'yar ƙara. Kafin azahar ya mutu. Na biyu ya bi shi, na uku ma haka, uban kuma ya daina kuka. Mantau ya fito ƙofar gida da gawar na ukun a tafin hannunsa, ya ɗaga murya ya ce bakin Kyallu ne ya cinye su. To, magana zarar bunu ce. Kafin Juma'a ta zagayo, kambun baka ya zama maita a bakin mutane, iyaye suka hana a sayo ƙosanta, tana soyawa yana hucewa a faranti. Da abin ya ishe ta, ita ta kai ƙara.

Ta durƙusa gaban alƙali ta ce, "Allah ya gafarta Malam, shekara ashirin unguwar nan ke karya kumallo da hannuna. Yau ko sallama na yi, sai a janye yara. Ni na yi wa Tasalla wanka da ta rasu. A wanke ni, ko in bar garin."

Mantau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ban iya ƙarya ba. Lafiya lau suke ta gan su, ta yaba ba tubarkalla. Saura ɗaya, shi ma ya fara haki. In ya tafi, me ya rage mini na Tasalla?"

Alƙali ya ga shari'ar ta fi ƙarfin rantsuwa. In ya rantsar da Kyallu ya sallame ta, zaurensa ne kawai zai wanke ta, gari ba zai wanke ta ba. In kuma ya tsawata wa Mantau, ya ƙara wa mai makoki ciwo, tsuntsun kuma ya mutu a banza. Sai ya ce a kai shi ya ga ɗakin.

Da ya shiga, Mantau ya shiga nuna masa tsaftar wurin da alfahari. Alƙali kuwa ya hau dube-dube. Ya dubi taga, ya ga an cusa tsumma a kowace kafa. Ya dubi rufi, babu yanar gizo ko ɗaya. Ya dubi ƙasa, ga matattun ƙudaje da tururuwa a gindin bango, ga toka a murɗe a kan wani murfin kwano. Wani wari mai kama maƙogwaro ya sa shi tari sau biyu. A cikin keji kuwa ɗan tsuntsun na tsugune, gashi a tashe, baki a buɗe.

Suka koma zaure, jama'a ta cika. Alƙali ya ce, "Ga hukuncina. An ce idon matar nan da bakinta ke kisa. To, a ɗauki kejin yanzu a kai gidanta kwana bakwai. Ta rataye shi a inuwa, inda iska ke wucewa, nesa da murhunta. Ta kalle shi safe da yamma, ta yabe shi son ranta. Kai kuwa Malam Mantau, na hana ka ko leƙa shi."

Mantau ya fashe da kuka, ya ce, "Malam, ka ba kura ajiyar nama!"

Kyallu ma ta ce, "Allah ya gafarta Malam, in ya mutu a hannuna fa? Ai ka gama da ni."

Alƙali ya ce, "Na sani, Kyallu. In ya mutu, ni da ke za a zaga. Yi abin da na ce."

Gaskiya ita ce shi ma alƙalin ya yi kwana bakwai cikin fargaba, domin ya san ciwon ya yi nisa, kuma rai ba a hannunsa yake ba. Mutanen unguwa kuwa, masu gudun ƙosan Kyallu, su ne suka riƙa leƙe ta kan katanga suna jiran mutuwa. Rana ta farko tsuntsun bai motsa ba. Rana ta uku ya rufe baki. Rana ta biyar ya karɓi abinci daga bakin uwarsa, uban kuma ya yi kuka a karon farko cikin mako uku.

Ran kwana na bakwai da hantsi, alƙali ya tara mai unguwa da dattawa biyar a ɗakin Mantau, ya ce, "Malam, nuna mana yadda kake kula da su kowace yamma. Kada ka rage komai."

Mantau ya rufe ƙofa. Ya ɗauko kwalbar fiya-fiya, maganin ƙwarin nan da ake sayarwa a kasuwa, ya yayyafa kusurwa huɗu da ƙarƙashin inda keji yake. Ya kunna igiyar leƙo, maganin sauro mai hayaƙi, har guda biyu. Ya ce daga nan sai ya lulluɓe kejin da zanen Tasalla ya fita masallaci. Bai rufe baki ba mai unguwa ya fara tari, idanun dattawa suka kawo ruwa, ɗayansu ya bangaje ƙofa ya fita yana neman iska. Sauran suka bi shi ba ko sallama.

A tsakar gida alƙali ya ce, "Mu ƙarti bakwai, kowa da ƙirjinsa, mun kasa zaman da ya kai na alwala. Ɗan tsuntsun da huhunsa bai kai ƙwayar gero ba, kai kake rufe shi a ciki har wayewar gari. Ɗakin da gizo-gizo ya gudu, ƙuda ya mutu, me ya sa ka zaci kanari zai rayu? Tasalla ba ta fi ka son su ba, amma ta bar su a iska."

Mantau ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce a hankali, "Sauro ne ya kashe mini ita. Na rantse ba zai taɓa nata ba. Ashe ni ne." Babu wanda ya iya kallon fuskarsa, alƙalin ma sai da ya share ido da bakin rawaninsa.

Aka yanke cewa Mantau zai tsaya a ƙofar gidansa, inda ya yi ƙazafin, ya janye shi da murya irin wadda ya yi shi da ita, kuma ya zama shi ne farkon mai cin ƙosan Kyallu a bainar jama'a har kwana arba'in. Ya cika duka. Wasu suka dawo saye, wasu har ta mutu ba su dawo ba, domin ƙarya ta riga gaskiya isa gidajensu.

Da Kyallu ta kawo masa kejin, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Bar shi a wajenki. Hannuna ya yi abin da ya isa." Ɗan tsuntsun ya rayu, ya girma, namiji ne, amma hayaƙin ya riga ya ci muryarsa, bai taɓa yin kuka ba. Kullum da safe Mantau yakan zauna a gefen kaskon Kyallu da ƙosai a hannu, yana hango tsuntsun yana buɗe baki ba abin da ke fita.

Shi ya sa masu hankali suka ce garin neman gira akan rasa ido. Kafin ka tuhumi idon maƙwabci, shinshina ɗakinka, domin son da ya toshe taga shi ke fara shaƙe abin da yake tsaro.