Gizo da Gyaɗa Kan Kunkurun Tudu

"Ga ta nan tafe, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ta wuce shi."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, idonmu biyu!"

To. Ƙoƙi matar Gizo tana da wani ɗan kunkuru da ta gada wajen uwarta. Irin na kurmi ne, ɗan mitsitsi, ba abin da yake so kamar laima. Ƙarƙashin randa yake zama inda ruwa ke tsattsafowa, har ake ce masa Ɗan Laima. Duk abin da tsohuwar ta bari ya ƙare, shi kaɗai ya rage, shi ya sa Ƙoƙi ke ji da shi kamar ɗan cikinta.

Shi kuma Gizo da ya je fatauci arewa, sai ya dawo da wani ƙaton kunkurun tudu, kai ka ce turmi aka kife. Wannan rairayi yake so da rana, kuma ba ya magana sai ta kama dole. Aka yi masa shinge a bayan gida, aka sa masa suna Turmi.

Ran nan ƙanwar Ƙoƙi ta haihu, Ƙoƙi za ta je suna. Ta ce, "Maigida, don Allah abu ɗaya nake roƙo, kada ka haɗa su wuri guda."

Gizo ya ce, "Haba Ƙoƙi, kunkuyu ai kunkuyu ne!" Kun dai san bakin Gizo, harshensa ba ya juyawa.

Ta ce, "Ni dai na faɗa maka."

Hantsi ya yi, zafi ya taso. Gizo ya dubi gindin randar nan mai sanyi, ransa ya biya. Malalacin banza! Ya sungumi Ɗan Laima, ya dire shi cikin shingen Turmi, ya ce, "Ga baƙo na kawo maka, ka amince?"

Turmi ya miƙo wuya, ya gyaɗa kai sama da ƙasa.

Gizo ya ce, "Madalla, ya amince!"

Ɗan Laima ya ce, "Gizo, wannan fa ba amincewa ba ce."

"Yufe min baki! Tun da nake, wanda ya gyaɗa kai, i yake nufi."

Bai rufe nasa bakin ba, Turmi ya janye kai cikin ƙoƙon bayansa, ya taho, ƙwam! Ɗan Laima ya gangara har gindin shinge.

Gizo ya ce, "Af, yunwa ce." Ya yanko kabewa, ya tsinko ganyen rama, ya zube a tsakaninsu. Turmi ya dubi Ɗan Laima, ya sake gyaɗa kai.

"Ka gani? Cewa yake bismilla, matso ku ci."

Ɗan Laima ya ce, "Don girman Allah ka mayar da ni gindin randa."

Gizo ya tura shi gaba. Ƙwam! Wannan karon har da ƙara, kamar an taka ƙwarya.

Gizo ya riƙe haɓa, ya ce, "Yanzu na gane. Laifinka ne, ba ka da tarbiyya. Babba ya gaishe ka sau biyu ba ka amsa ba. A ina ƙayami ke jiyan babba ya gaishe shi?" Ya kamo wuyan Ɗan Laima, ya riƙa sunkuyar masa da kai yana ɗagawa, a gaban hancin Turmi.

Wayyo! Ina jin haushin Gizo a wajen nan, Allah ya sani. Turmi ya ja da baya, ya taho da ƙarfinsa duka, ya sa ƙasan ƙirjinsa ya ɗaga Ɗan Laima ya kifar. Ga shi rigingine cikin rairayi mai zafi, ƙafafu sama. Kuma kunkuru in ya kife a rana ba mai juya shi, mutuwa zai yi.

Gizo ya ce, "Ka ga har sun fara wasa." Ya koma gindin randa ya miƙe ƙafa, sai minshari.

Ita kuwa Ƙoƙi hankalinta ya ƙi kwanciya a gidan suna, ko tuwo ba ta tsaya ci ba. Tana shigowa ta ga ƙafafun Gizo a wurin Ɗan Laima. Ba ta ko tashe shi ba, ta ɗebi ruwa ta ruga bayan gida. Ta tarar da Ɗan Laima ya daina motsi, bakinsa ya bushe, ƙoƙon bayansa ya tsage. Ta juya shi tana kuka, tana yayyafa masa ruwa, tana kiran sunan uwarta. Can sai ya buɗe ido ɗaya.

Kukan ne ya tashi Gizo, ya zo yana rantse-rantse. "Wallahi shi ya amince! Sau nawa yana gyaɗa kai!"

Ƙoƙi ta ce, "Turmi, me ya yi maka?"

Sai a lokacin Turmi ya buɗe baki. Ya ce, "Uwar gida, a tudunmu in muka gyaɗa kai, cewa muke, bar min wurina ko in kife ka. Na faɗa, na sake faɗa. Daga baya shi ma ya gyaɗa min, wato ya ce in zo mu gwada."

Gizo ya tsuguna a gabansa, ya ce, "Au, haka ne? Na gane, na gane." Yana faɗa yana gyaɗa kai.

Ke Tasalla, daina dariya ki bari in ƙarasa. Ƙwam! Gizo bai dire ko'ina ba sai kan azarar ɗaki, kuma har yau can yake saƙarsa, ya ƙi saukowa. Ƙoƙi ta mayar da Ɗan Laima gindin randa da tsagarsa, ta ƙara wa shingen Turmi tsawo yadda ko hango juna ba za su yi ba.

Saboda haka, jikoki, kama da juna ba ta sa a iya zama tare. Kowace dabba a bar ta a wurin da ya dace da ita. Kuma in mai rauni ya ce muku ana cutarsa, ku saurare shi kafin ku fassara masa abin da ba ku sani ba.

Ƙungurus kan ɗan kusu, ta ƙare, kowa ya kakkaɓe tabarmarsa.